Tsofaffin taswirorin Hells Canyon da na yi oda: bugu ya yi kyau, amma almakashinsu ya so ɓata min rai

Jama'a sallama. Kusan wata biyu kenan da saƙon nan ya iso hannuna, da gangan na ƙi rubuta komai a kai sai da na zauna da shi na jujjuya shi son raina, don irin wannan kaya ba ranar da ka buɗe kwali kake gane ingancinsa ba. Abin da na saya tsofaffin taswirori ne guda biyar na yankin Hells Canyon, wato ƙaton kwazazzabon nan da kogin Snake ya haƙa tsakanin jihar Oregon da jihar Idaho a Amurka, daga wani shago na intanet da ke buga tsofaffin taswirorin USGS, wato hukumar safiyon ƙasa ta gwamnatin Amurka, a takarda mai kauri ya naɗe ya aiko maka. Ba zan kama sunan shagon ba, saboda akwai ƙorafi a maganata kuma daga baya sun gyara, sannan masu wannan sana'ar suna da yawa kuma kusan halinsu ɗaya, to abin da zan faɗa zai yi wa mai saye amfani ko a wajen wa zai saya.

Ni dai tun ina makaranta layukan nan masu ruwan ƙasa da ke nuna tudu da gangare su ne suka tafi da ni a darasin labarin ƙasa, kuma in kana so ka ga aikinsu na gaske to ka nemi inda ƙasa ta tsage. Hells Canyon ya fi Grand Canyon zurfi, da yawa ba su san haka ba, daga ƙololuwar dutsen He Devil da ke cikin tsaunukan Seven Devils zuwa bakin ruwa ƙafa 7,993 ne, wajen mita 2,436 kenan. Kuma ba rami ɗaya ba ne kawai, ƙasar gaba ɗayanta kamar an yi mata huɗa take, kunya, kwari, kunya, kwari, kogin Imnaha na bin nasa kwazazzabon ta yamma, Snake na bin nasa, a tsakaninsu dogon doron tudu, sannan ƙananan ƙoramu na gangarowa ta kowane gefe kamar haƙarƙari. Ƙauye ne futuk, mutane 'yan tsiraru, makiyaya da masu haƙar ma'adinai ne suka yi zamaninsu a wurin.

Bari in faɗi wani abu tun da wuri don kar wani ya ce na ɓoye masa. Taswirorin nan ba na shagon ba ne, na gwamnatin Amurka ne, kuma kyauta ake samunsu. An kafa USGS a 1879, aikin zana ƙasar yanki bayan yanki ya kankama a 1884 lokacin da John Wesley Powell ke shugabancin hukumar, shi ne mai hannu ɗayan nan da ya bi kogin Colorado a kwalekwale a 1869. Sun yi ta yi sama da shekara ɗari, da farko da sikeli mai faɗi irin 1:125,000, sai 1:62,500, sai kuma 1:24,000 wanda ba su kammala rufe jihohi 48 da shi ba sai 1992. Daga baya suka kwashe tsofaffin da aka buga daga 1884 zuwa 2006 suka yi musu sikanin, sama da guda 170,000, suka zuba a shafinsu mai suna topoView, kana latsa wuri zai jero maka duk bugun da aka taɓa yi masa ka sauke wanda kake so. To ka ga kuɗin da ka ba shago na takarda ne da tawada da babban injin bugu da aikowa, ba na ilmin da ke ciki ba. Ni na san da haka na saya, don a waya ko kwamfuta ɗan lungu kawai kake gani, in ka matso ka rasa gari in ka ja baya ka rasa layi, ita kuwa ƙasa irin wannan sai ka shimfiɗa ta a tebur ka zagaya ta.

Kayan sun zo cikin doguwar robar kwali mai murfi, bakinta ɗaya ya ɗan lotse a hanya amma bai taɓa takardun ba don sun naɗe su da wata takarda mai laushi. Sai da na danne su da littattafai kwana biyu kafin suka yarda suka kwanta. Takardar ba mai sheƙi ba ce, na ji daɗin haka sosai, fitila ba ta kashe maka ido, kuma fensir yana kamawa. Bugun kam ba laifi ko kaɗan, na sa gilashin ƙara girma a kan ƙananan lambobin da ke jikin layuka, duk ana karanta su tsaf, tawada ba ta malala ba ko a inda layuka suka cunkushe.

Kuma wallahi sun cunkushe. Guda uku daga ciki 1:62,500 ne na shekarun 1950, santimita ɗaya a takarda mita 625 ce a ƙasa. A ƙasa mai tsauri irin wannan sukan bar tazarar ƙafa 80 ko 100 tsakanin layi da layi, kowane na biyar a yi masa kauri a rubuta masa lamba, amma duk da wannan tazarar akwai wuraren da layukan suka haɗe suka zama kamar an shafa jar ƙasa da babban yatsa, can ne bango yake a tsaye. Na ɗauki fensir na fara daga bakin kogi ina hawa ina ƙirga masu kaurin, sai na lura da wani abu, za ka ga sun matse, sai su ɗan saki, sai su sake matsewa, sai su saki, kamar matakalar bene. Wannan ba kuskuren mai zane ba ne, duwatsun saman wurin narkakken dutse ne da ya yi ta kwarara yana daskarewa hawa hawa shekaru miliyan 16 zuwa 17 da suka wuce, kowane hawa ya bar bango da ɗan dandamali. Kuma abin da ya fi burge ni, inda layuka suka saki ɗin nan a nan za ka ga ɗan baƙin ɗigo na bukka, ko idon ruwa da shuɗi da 'yar wutsiyarsa, ko burtali ya bi gefen tudu a kwance yana lanƙwasa da kowace ƙorama maimakon ya yanke kai tsaye. Wato mutum da dabba sun karanta ƙasar da ƙafa tun kafin mai safiyo ya zo da kayan aikinsa. Inda layuka suka yi tsini suna kallon sama ƙorama ce, inda suka yi ƙundu suna kallon ƙasa hancin tudu ne, da ka riƙe wannan shikenan takarda ta tashi tsaye a idonka. Koren da ke nuna daji ma da magana a bakinsa, gefen tudun da ke kallon arewa shi ke da itatuwa, wanda ke kallon kudu fari fat sai ciyawa don rana ta gasa shi, za ka ga kore ya zo daidai kan doro ya tsaya cak.

Ta huɗun ita ce tsohuwar cikinsu, 1:125,000 ta farkon ƙarni na 20, kuma ita ce na fi daɗewa a kai. Irin waɗannan da ƙafa da alfadarai aka yi su. Mai safiyo zai hau tudu ya kafa ɗan teburinsa mai ƙafa uku ya daidaita shi, ya manna takarda, ya ɗora wata rula mai madubin hangen nesa ya saita wani tsauni ya ja layi, ya koma wani tudun ya sake saita shi, inda layuka biyu suka gamu nan ne mazaunin tsaunin, sauran siffar ƙasa kuma da ido da gwaninta yake cike ta. Daga nan a kai wa masu sassaƙa su kwarzana a farantan tagulla a juye, faranti uku, ɗaya na baƙi ɗaya na shuɗi ɗaya na ruwan ƙasa. Shi ya sa in ka kalle ta za ka ga tuddan sumul sumul, ƙoramu kamar 'yan gida ɗaya, ga rubutu mai kyau kamar a goshin masallaci. Na shekarun 1950 kuwa da hotunan jirgin sama aka yi su, ƙasar ta fito a yamutse yadda Allah ya yi ta, ƙoramar da tsohuwa ta ba wa reshe biyu sai ka tarar biyar gare ta. Ban ga laifin mutanen farko ba ko kaɗan, wanda ya tsaya a bakin rami mai zurfin nan da fensir ya fitar da abin da har yau ake gane wuri da shi ya cancanci a jinjina masa.

A jikin tsohuwar nan ne na ga Robinette. Ɗan gari ne a bakin Snake kusa da inda kogin Powder ke shigowa, layin dogon da ya taso daga Huntington ya bi gefen ruwa ya ratsa ta wurin, yana da gidan waya da tasha. A 1958 aka tare ruwa a madatsar Brownlee, tafki ya hau ya shanye garin, an ɗauke wasu gidajen an kai garuruwan kusa mazaunin garin kuma yana ƙarƙashin ruwa har yau. Na ajiye ta gefe da gefe da ta biyar wadda ita sabuwa ce 1:24,000, a ɗaya kogi siriri ne da layin dogo na rakiyarsa da 'yan ɗigo ɗigo na gidaje, a ɗayar shuɗi ne shimfiɗe ba komai. Na daɗe ina kallon wajen. Bayan Brownlee aka yi madatsar Oxbow a 1961, sai ta Hells Canyon a 1967, aka so ƙara wata can ƙasa amma aka yi ta ja-in-ja har majalisa ta mai da yankin wurin da aka keɓe a 1975, ragowar kogin ya tsira. To duk taswirar da aka zana kafin waɗannan shekarun hoton kogi ne da babu shi yanzu, nan kaɗai ma kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Akwai kuma Copperfield, garin leburorin da suka zo fasa dutse da shimfiɗa dogo, wanda rashin doka ya yi wa yawa har gwamnan Oregon Oswald West ya tura sakatariyarsa Fern Hobbs a 1914 ta je ta rufe mashayun garin, da Homestead mai mahaƙar tagulla ta Iron Dyke. Wani ɗan abu da sai mai lura zai gani, murabba'an nan na rabon filaye masu mil ɗaya ɗaya, eka 640 kowanne, ba sa haɗuwa a tsallaken kogi, don kowace jiha da layin da ake fara awo daga kansa, na Oregon daga ma'aunin Willamette ake ƙirgo su, na Idaho kuma daga na Boise, sai su zo bakin ruwa kowa da lambarsa.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Biyu daga cikin biyar ɗin sun zo an yanke musu gefe. Wai don su yi kyau a firem, aka datse farin bakin nan na kewaye gaba ɗaya aka bar zane kawai. Raina ya ɓaci sosai, don wanda ya yi wannan bai san me yake sayarwa ba. Gefen taswira shi ne isnadinta. A nan ake rubuta shekarar da aka ɗauki hoton sama, da shekarar da aka taka aka duba, da wanda ya yi safiyo in tsohuwa ce, da sikeli, da tazarar layuka, da 'yar kibiyar da ke nuna yadda allurar kamfas ta kauce wa arewa ta gaskiya a wannan shekarar, da sunayen taswirorin da ke maƙwabtaka da ita ta kowace kusurwa. In ka cire wannan ta yaya zan san layi ɗaya ƙafa 40 ne ko 80, alhali bambancin shi ne tsakanin tudun da za ka hau da wanda zai gagare ka? Ta yaya zan san bukkar da nake gani ta wace shekara ce? An mai da takardar shaida ta koma adon bango.

Tsugune ba ta ƙare ba. Ɗaya daga cikin masu gefen na ɗora rula a kan sandar ma'auninta, a 1:62,500 kilomita ɗaya ya kamata ta ba ni santimita 1.6 cif, sai na samu 1.4. Wato sun ɗan matse ta don ta shiga girman firem ɗin da aka saba sayarwa, amma lambar sikelin na nan a rubuce kamar ba a taɓa ba, kuma ba su faɗa a tallar ba. Sandar tana aiki tunda tare suka ƙanƙance, amma duk wanda ya yi lissafi da lambar ya yi kuskure. Sannan tsohuwar sun ƙara mata wani ruwan ɗorawa a jiki wai don ta yi kama da tsohon kaya, abin da ba ta buƙata, shekarunta sun ishe ta, ƙarin launin ma dusashe ƙananan ƙoramu ya yi. Sai maganar shekara, abin da suka rubuta a talla shekarar taswirar ce, amma can ƙasa da ƙananan haruffa akwai shekarar da aka sake buga wannan kwafin, kuma ta zo bayan waccan da shekaru. Wannan ya kamata duk mai saye ya sani, taswira ɗaya tana iya samun bugu uku ko huɗu, wani da kore wani babu, wasu ma daga baya an yi musu ƙari da launin shunayya, alamar an ga sabon abu a hoton sama an ɗora ba tare da an je an taka ba.

Na rubuta musu, ban yi faɗa ba, na ɗauki hoton rular a kan sandar na haɗa da hoton asalin fayil ɗin mai gefe na tura. Kwana huɗu shiru har na fara cire rai, sai ga amsa, wata ma'aikaciyarsu ta ba da haƙuri ta ce yawancin masu saye na rataya ne shi ya sa suke yankewa, amma za su sake bugo min waɗanda na yi ƙorafi a kansu da girmansu na asali da gefensu ba ƙarin launi, ba sai na mayar da na farko ba. Kuma sun cika alkawari, na sake awo ya fito 1.6. A nan kam na yaba musu, don da yawa da sun ce haka kayan yake. Abin da na roƙe su shi ne su sa zaɓi a shafin, mai son ado ya zaɓa mai son karatu ya zaɓa.

Wani gargaɗi, wannan ba laifin kowa ba ne, yanayin tsohon kaya ne. Kar wanda zai je wurin ya dogara da su don tafiya. Lambobin nuna mazaunin wuri da ke kusurwoyin yawancinsu a kan tsohon ma'aunin da ake kira NAD27 suke, wayarka kuwa da sabo take aiki, a yammacin Amurka bambancin yana iya kusantar mita 100, kuma mita 100 a bakin wannan rami ba abin wasa ba ne. Allurar kamfas ma ta matsa daga inda take a lokacin, burtalai da yawa sun mutu, wasu idanun ruwan sun ƙafe. Tuddan dai suna nan inda aka bar su.

Akwai kuma abin da takardun suka yi shiru a kai, kuma shirun ya dame ni. Ƙasar nan ta mutanen Nez Perce ce, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, a 1877 aka tilasta wa jama'ar Cif Joseph barin kwarin Wallowa, suka tsallake Snake a Dug Bar ruwa na cike maƙil, da tsofaffi da yara da dabbobinsu. Na duba wurin a topoView, suna ne kawai da ɗan fili a bakin ruwa, sai ka bi layukan da suka gangaro ta kai da yatsa kafin ka gane abin da aka sa mutanen nan suka yi. Ba nisa da nan bakin Deep Creek ne, inda a 1887 wasu ɓarayin dawakai suka kashe 'yan Sin masu neman zinariya, an ce sun kai 34, kuma ba a hukunta kowa ba. Sai a 2005 aka sa wa wurin suna Chinese Massacre Cove a hukumance, to a duk tsofaffin bugu ba za ka ga alamar komai ba. Haka nan za ka iya cin karo da sunayen cin mutunci ga matan 'yan asalin ƙasar a tsofaffin taswirorin yammacin Amurka, a 2022 gwamnati ta canza kusan 650 daga cikinsu. Taswira abin da mai zanenta ya ga ya isa a rubuta kawai take ɗauka, shi ya sa na fi son a karanta ta da littafin tarihi a gefe.

In za a tambaye ni maki, bugu da takarda biyar cikin biyar, yadda suka karɓi ƙorafi huɗu, bayanin da ke tallarsu biyu. Wanda zai yi oda, dan Allah ya fara shiga topoView ya zaɓi bugun da yake so da kansa ya kwafi suna da shekara da sikeli, sannan ya rubuta wa shago ɓaro ɓaro cewa yana son girman asali, da gefe cikakke, ba ƙarin launi, ya jira su amsa kafin ya biya. Kuma kar ya sayi guda ɗaya, ya sayi wuri ɗaya a zamani biyu ko uku, daɗin yana cikin jerawa. Wanda ke da babban injin bugu a kusa da shi ma ba sai ya yi oda ba, ya sauke fayil ya kai a buga masa a ce kar a taɓa girman.

Guda biyun da aka yanke wa gefe su na sa a firem tunda abin da suka dace da shi kenan yanzu. Sauran suna kan tebur da fensir da gilashi a kai, kuma na riga na tura musu odar wadda ke arewa da su, mai ɗauke da gidan gonar Kirkwood inda Len Jordan ya yi kiwon tumaki a shekarun 1930 kafin ya zama gwamnan Idaho, ina so in bi burtalin da yake hawa da garkensa daga bakin kogi zuwa kan doro in ƙirga layi nawa ne.